Tsufa da Hanya: Yadda Ƙaramin Abin Hawa Kan Zama Babban Haɗari ga Dattijo

Gabatarwa

A shekarar 1968 ne aka kammala ginin madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara, wato Neja, bayan an share shekara huɗu ana aiki. Ruwan da aka tare ya haifar da tafki mai tsawon kilomita kusan 135, wanda ya shanye tsohon garin Bussa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa na ƙasar Yauri da ta Borgu. Sama da mutum 40,000 aka sake wa matsuguni. Yaron da ke da shekara goma lokacin da aka kwashe iyayensa daga gungu zuwa tudu, ya cika shekara 65 a 2023. Ya buɗe ido ne a zamanin da kwalekwale ke abin hawa a ruwa, a tudu kuwa sai ƙafa da jaki da keke. A yau, in ya fito daga gida zai tafi masallaci, ko kasuwar Warra, ko bakin ruwa, hanyar da zai bi ita ce babur da keke mai ƙafa uku da kurar masu ga-ruwa za su bi, kuma babu wani sashe nata da aka keɓe masa.

Mutanen bakin tafki sun san haɗarin ruwa. Kifewar jirgi kusa da Warra ranar 26 ga Mayu, 2021, wadda ta ci rayuka masu yawa, ta shiga kunnen duniya. Amma akwai wani haɗari da ba a kai labarinsa rediyo: babur ya goge tsoho a lungu, ya faɗi, a ɗauke shi a kai gida, daga nan bai sake taka ƙasa da ƙafarsa ba. Wannan maƙala za ta bayyana dalilin da ya sa abin hawa ƙarami, mai gudun da ake ganin bai taka kara ya karya ba, yake iya zama ajalin mai manyan shekaru. Amsar tana cikin ilmi biyu: ilmin halittar jiki da ilmin motsin abubuwa.

Yadda Ƙananan Ababan Hawa Suka Cika Hanya

Haya da babur ta bazu a Nijeriya ne daga shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya taɓarɓare, motocin haya suka yi ƙaranci. A Kano ana kiranta acaɓa, a Sakkwato da Kebbi kuwa kabu-kabu. Keke mai ƙafa uku ya fara suna a Legas zamanin mulkin Buba Marwa, tsakanin 1996 da 1999, sa'an nan ya yaɗu cikin ƙasa ta hannun shirin yaƙi da fatara na NAPEP da aka kafa a 2001. Bayan da aka hana acaɓa a birnin Kano a watan Janairu na 2013, a-daidaita-sahu ya maye gurbinta. A garuruwa irin su Yelwan Yauri da Shanga da Warra, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski, babur ne ke kai buhun albasa da kwandon kifi da mara lafiya inda mota ba ta shiga. Amfaninsa ba abin musu ba ne. Matsalar ita ce lungunan da yake ratsawa an shata su ne domin ƙafa da dabba.

Ba Nijeriya kaɗai ke fama da irin wannan cuɗanya ba. A Amurka akwai garuruwan da aka gina musamman domin waɗanda suka yi ritaya, kamar Sun City a jihar Arizona, wanda aka buɗe a 1960, da The Villages a jihar Fulorida. A can, 'yar ƙaramar motar da aka ƙera domin filin wasan ƙwallon lambu, wato golf, ita ce ta zama abin zuwa kanti da asibiti da ziyara. A garin Peachtree City na jihar Jojiya akwai hanyoyi masu tsawon fiye da kilomita 160 waɗanda masu tafiya a ƙasa da masu keke da waɗannan motoci ke bi tare. Da yake ba su da gudu sosai, an daɗe ana ɗaukarsu abin wasa. Sai wani bincike da aka buga a 2008 ya ƙiyasta cewa tsakanin 1990 da 2006 kusan mutum 148,000 aka kai sashen gaggawa na asibitocin ƙasar saboda raunin da ya shafi waɗannan motoci. Tun a 1998 ma hukumar kiyaye haɗarin hanya ta Amurka ta kafa doka cewa irin motar da ke gudun kilomita 32 zuwa 40 a awa, dole a sa mata fitilu da madubai da bel. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Darasin da ke cikin labarin Amurka ya shafi bakin tafkin Kainji kai tsaye, domin jikin ɗan Adam iri ɗaya ne a ko'ina, kuma tsufa hanya ɗaya yake bi.

Abin da Shekaru Ke Yi wa Ido

Kafin mutum ya kauce wa abin hawa, sai ya gan shi ko ya ji shi. Haske yana shiga ido ta 'yar ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido, ya ratsa wani madubi mai haske da ke bayanta, ya sauka a kan wata fata mai laushi a can ƙarshen ido, wadda ke aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Da shekaru suka ja, ƙofar nan kan tsuke, ta rage buɗewa a cikin duhu, shi kuma madubin ya yi kauri, launinsa ya koma ruwan ɗorawa. Masana sun auna cewa hasken da ke isa ƙarshen idon mai shekara 60 bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa na mai shekara 20 ba. Ke nan almurun da saurayi ke gani sarai, ga kakansa dare ya riga ya yi. Bugu da ƙari, idan fitilar babur ta dalle idon tsoho, yakan ɗauki lokaci mai tsawo kafin ganinsa ya dawo, fiye da na yaro. A cikin wannan ɗan lokaci tafiya yake yi a makance.

Wannan shi ne tsufa na lafiya. Idan cuta ta shigo, lamarin ya fi haka. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne. Yanar ido ce ta jawo kashi 43 cikin ɗari na makantar, hawan jinin ido kuma kusan kashi 17. Yana kan dusashe gani, ta kuma watsa hasken fitila ya zama hazo. Hawan jinin ido kuwa ya fi yaudara, domin daga gefe yake fara cin gani, ya bar tsakiya. Mai wannan cuta yana iya gane fuskar wanda ke gabansa, amma ba zai ga babur da ya ɓullo daga lungun dama ko na hagu ba sai ya iso kansa. Galibi ba ya ma san ganinsa ya ragu ba, tunda cutar ba ta da zafi a farko.

Sa'an nan ga yanayi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu kan rufe sararin sama, ga ƙurar da ababan hawa ke tayarwa a hanyar da ba kwalta, ga hayaƙin bandar kifi a unguwannin masunta. Duk waɗannan suna rage bambanci tsakanin abu da abin da ke bayansa, kuma wannan bambanci shi ne abin da idon tsoho ya fi buƙata.

Kunne da Sanin Inda Ƙara Ta Fito

A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani sashe mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin halitta kimanin 15,000 masu gashi-gashi, waɗanda ke mayar da girgizar sauti ta zama saƙon jijiya. Duk wadda ta mutu a cikinsu ba ta sake tsirowa. Waɗanda ke kama siririn sauti su ne ke fara mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai hana harka. Wanda ya shekara da shekaru a gindin injin jirgin ruwa ko injin niƙa, nasa kan zo da wuri.

Jin ƙara daban, sanin inda ta fito daban. Ƙwaƙwalwa tana gane dama da hagu ne ta hanyar kwatanta lokacin da sauti ya isa kunne ɗaya da lokacin da ya isa ɗayan, tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Amma sautin da ya fito daga gaba sak, ko daga baya sak, lokaci guda yake isa kunnuwan biyu. A nan sai ƙwaƙwalwa ta dogara da yadda lanƙwasar fatar kunne ke sauya siririn sauti, wato ainihin sautin da tsoho ya rasa. Wannan ne ya sa idan mai babur ya danna oda a bayan tsohuwa, takan tsaya cak, ko ta waiga ta gefen da ba shi ba, ko ma ta yi tsalle ta faɗa inda babur ɗin ya nufa. Mai babur yakan ce taurin kai ne ko gigin tsufa, alhali kuwa kunne ne ya kasa gaya mata gefen da za ta kauce. Rawani da mayafi da hular sanyi suna ƙara toshe wannan siririn sauti.

Akwai kuma sabuwar matsala a tafe. Motocin garuruwan 'yan ritaya na Amurka da yawansu da batir suke aiki, ba su da ƙara. Shirun motocin lantarki ne ya sa Amurka ta yi doka a 2010, Tarayyar Turai kuma daga 2019, cewa a sa wa irin waɗannan motoci na'urar da ke fitar da sauti in suna tafiya a hankali. Keke da babur masu batir sun fara shigowa biranen Nijeriya, kamar Maiduguri. Ranar da suka iso ƙasar Yauri, kunnen da a da yake jin rugugin inji daga nesa ba zai ji kome ba.

Ƙafa da Lissafin Lokaci

Bayan gani da ji, sai motsi. Daga shekara 30 tsokar jiki kan riƙa raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, kuma raguwar kan ƙara sauri bayan shekara 60. Zaren tsoka mai saurin tsukewa, wanda ake tsalle da zabura da shi, shi ne ya fi zubewa. Tsayuwa a kan ƙafa biyu kuwa aiki ne na haɗin gwiwa tsakanin ido, da wasu 'yan bututu masu ruwa a cikin kunne, da jijiyoyin tafin ƙafa da gaɓoɓi. Dukkan ukun suna rauni da tsufa, ciwon sukari kuma yana kashe jijiyoyin ƙafa. Saboda haka tsoho kan sunkuyar da kai yana duban inda zai taka, kuma idon da ke duban rami ba ya duban hanya.

Injiniyoyin hanya sun saba lissafa cewa mai tafiya a ƙasa yana cin mita 1.2 a kowace daƙiƙa. Wani bincike da masana na Jami'ar Landan suka buga a 2012 ya nuna cewa a Ingila matsakaicin saurin maza masu shekara 65 zuwa sama mita 0.9 ne a daƙiƙa, na mata kuma 0.8. A gwada wannan a kan titi mai faɗin mita 7, irin babban titin da ya ratsa Yauri daga Koko zuwa Kontagora. Matashi zai tsallake cikin daƙiƙa 6, tsohuwa sai ta yi kusan 9. Babur mai gudun kilomita 40 a awa yana cin mita 11 a kowace daƙiƙa. Ke nan matashi yana buƙatar hanya ta zama wayam har tsawon mita 66, tsohuwa kuwa kusan mita 100, wato tsawon filin ƙwallo. A ranar kasuwa irin wannan sarari ba ya samuwa.

Akwai wani tarko kuma. Ƙwaƙwalwa tana auna kusantowar abu ne da yadda girmansa ke ƙaruwa a ido. Abu ƙarami kamar babur ba ya cika ido sai ya zo dab, don haka sai a ɗauka yana nesa, ko a hankali yake tafe. Gwaje-gwaje sun nuna cewa masu manyan shekaru sun fi dogara da nisan abin hawa fiye da gudunsa wajen yanke shawarar tsallakawa. Wanda ya ga babur can nesa ya sa ƙafa, ba ganganci ya yi ba. Ma'aunin da ya yi masa aiki shekara hamsin ne ya daina daidai.

Gudu, Birki da Ƙarfin Karo

Yanzu a juya ga mai tuƙi. Daga lokacin da ya hango haɗarin da bai zata ba zuwa lokacin da ya taka birki, yakan ɗauki kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi. A duk wannan lokaci abin hawa yana tafiya da gudunsa. Bayan an taka birki kuma, nisan da zai ci kafin ya tsaya ya danganta da gudun da kuma yadda taya ke kama ƙasa. Ga abin da lissafi ya bayar a kan busasshiyar kwalta da birki mai kyau:

A gudun kilomita 20 a awa, mita 8 kafin taka birki, mita 2 bayan takawa, jimla kimanin mita 10.

A gudun kilomita 30, mita 12 da rabi da kuma mita 5, jimla kusan mita 18.

A gudun kilomita 40, mita 17 da kuma mita 9, jimla mita 26.

A kan yashi ko tsakuwa, inda kamun taya ke iya raguwa da rabi, nisan birki sai ya ninka: a gudun kilomita 40 jimlar ta kai mita 35. Abin lura a nan shi ne, idan tsoho ya ɓullo a tazarar mita 15, mai gudun 20 zai tsaya ya bar sarari, mai gudun 40 kuwa zai buge shi tun bai kai ga taka birki ba.

Ƙarfin karo ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkin-ba-ninki yake yi. Ƙa'idar ita ce a ɗauki rabin nauyi a ninka da gudu, a sake ninkawa da gudu. Idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu; idan ya ninka uku, ƙarfin ya ninka tara. Domin a fahimta, abin da ya faɗo daga tsawon mita ɗaya da rabi yana isa ƙasa da gudun kilomita 20 a awa. Gudun kilomita 30 daidai yake da faɗowa daga mita uku da rabi, wato daga rufin soro. Gudun kilomita 50 kuwa daidai yake da faɗowa daga kusan mita 10. Nauyi ma yana da nasa kaso. Babur da mai tuƙi da buhu biyu na shinkafa sun haura kilo 250, kuma birkin da aka yi domin mutum biyu ne zai tsayar da su. Shi kuwa keke mai ƙafa uku, in aka karya kan sa da sauri domin a kauce wa mutum, yana iya kifewa, musamman in an jibga kaya a sama. Labulen gefensa kuma yana tare wa direba gani.

Wani bincike da Gidauniyar AAA ta Amurka ta fitar a 2011 ya duba waɗanda mota ta buge. An samu cewa a gudun kilomita 37 a awa mutum ɗaya cikin goma ke mutuwa, a gudun kilomita 68 kuwa rabi. Abin da ya fi jan hankali shi ne, haɗarin da mai shekara 70 ke ciki in an buge shi a gudun kilomita 40, daidai yake da na mai shekara 30 da aka buga a gudun kilomita 56. Wato gudu ɗaya ne, amma jiki biyu ne.

Faɗuwa Ta Fi Bugun

Sau da yawa ba bugun abin hawa ke yin ɓarna ba, ƙasa ce. Hannun babur ko madubinsa ya ja hannun riga, ko buhun da ke baya ya ture kafaɗa, ko razana kawai, sun isa su kayar da tsoho. Yaro in zai faɗi yakan tare da hannu. Tsoho kan makara, sai ya faɗi a kan ƙugu ko kai.

Ƙashi abu ne mai rai, kullum ana rushe shi ana sake gini. Har zuwa wajen shekara 30 gini ya fi rushewa, daga baya kuma lamarin ya juya. Ga mata, zubewar kan yi sauri bayan ɗaukewar al'ada. Cikin ƙashi sai ya zama kamar itacen da gara ta ci: daga waje lafiya lau, ciki kuwa rami. Wurin da ya fi karyewa shi ne wuyan ƙashin cinya, inda ya shiga ƙugu. Wannan karaya tana can ciki ƙarƙashin tsoka, karan ɗori ba ya kama ta, kuma galibi sai an yi aiki a asibiti. Idan aka bar mai ita a kwance wata da watanni, sai gyambon kwanciya da ciwon huhu da daskarewar jini a jijiyar ƙafa su biyo baya. Ko a ƙasashe masu manyan asibitoci, kimanin mutum ɗaya cikin biyar na tsofaffin da suka karye a nan ba sa cika shekara. Alamarta ita ce kasa tsayuwa, ciwo a matsematsi, ƙafar ta gajarce ta kuma juya waje.

Kai ma yana da nasa sirrin. Da tsufa ƙwaƙwalwa kan ɗan tsuke, sai ƙananan jijiyoyin jini da ke tsakaninta da ƙoƙon kai su miƙe kamar igiyar da aka ja. Ɗan bugu kaɗan yana iya tsinka su, jini ya riƙa tsattsafowa a hankali. Tsohon zai tashi ya kakkaɓe riga ya ce ya yafe. Bayan mako biyu, ko wata guda, ko fiye, sai ciwon kai, da yawan barci, da ruɗewa, da mutuwar ɓarin jiki. A lokacin an manta da faɗuwar, sai a ce ruɗin tsufa ne ko iska. Alhali kuwa likita na iya zuƙe jinin, mutum ya warke. Don haka duk tsohon da ya bugi kansa, a kai shi asibiti, a kuma sa masa ido na tsawon makonni.

Abin da Ya Kamata a Yi

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, fiye da kashi ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙasa ne, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba in aka kwatanta da yawan jama'a. A taron ministoci da aka yi a Stockholm ta ƙasar Suwidin a Fabrairun 2020, an yi kira da kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa a duk inda mutane da ababan hawa ke cuɗanya. Dokar hanya ta Nijeriya, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa da aka kafa a 1988 ke lura da ita, ta sa kilomita 50 a cikin gari. Wannan iyaka ce ta titi; a lungu da bakin kasuwa da ƙofar masallaci, lissafin da ya gabata ya nuna ko 20 ma ta isa.

Ga mai tuƙi, oda ba birki ba ce. Ya rage gudu tun daga nesa, ya yi magana ko ya danna oda sau ɗaya da sauran tazara, ya bar aƙalla mita ɗaya tsakaninsa da mai tafiya, ya lissafa da faɗin kayan da ke bayansa. Ya kunna fitila tun almuru, ya kuma sunkuyar da ita in ya fuskanci mutum. Ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu da na masu keke, da yake suna da shugabanni da tasha da tara, sun fi kowa ikon tabbatar da wannan.

Ga mai tafiya a ƙasa, tun ranar 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Saboda haka ya bi gefen hagu, yana fuskantar abin da ke tahowa, domin ido ya yi aikin da kunne ya gaza. In zai tsallaka, ya fara duban hagu, sa'an nan dama, sa'an nan hagu kuma, ya miƙe sak ba a karkace ba. Farar riga ta fi baƙa ganuwa da dare, amma abin da ya fi su duka shi ne ƙyalle mai mayar da haske. Wani masani ɗan Suwidin, Gunnar Johansson, ya nuna a 1973 cewa 'yan ɗigon haske a gaɓoɓin mai tafiya sun isa ƙwaƙwalwa ta gane mutum ne nan take. Don haka ɗan ƙyallen a idon sawu, ko a wuyan hannu, ko a jikin sanda, ya fi amfani da a ƙirji. Tocilar waya ma taimako ce. A kuma riƙa kai iyaye gwajin ido: aikin yana ba ya daɗewa kuma yana dawo da gani, hawan jinin ido kuwa in an kama shi da wuri ana iya tsayar da shi.

Ga masu unguwanni da sarakunan kasuwa da ƙananan hukumomi, babban magani shi ne rabuwa. A keɓe gefe ɗaya na hanyar kasuwa da ta bakin ruwa domin masu ƙafa, ko da jeren duwatsu ne ko turaku. A tsayar da babura a bakin kasuwa a ranar cinta. A hana baza kaya a gefen titi, domin tebur ɗin da ya cinye gefen hanya shi ke tura tsoho tsakiya. Tudun rage gudu kuwa a yi shi mai faɗi da fenti, ba tsiri mai kayar da mai babur ba.

Gwaji Domin Ɗalibai

Malami na iya tabbatar da wannan bayani ba tare da ɗakin gwaji ba. Na farko, a auna mita 10 a filin makaranta, kowane ɗalibi ya yi tafiyarsa ta yau da kullum a duba agogo, sa'an nan ya maimaita gwajin da wani dattijo a gida, da izininsa, a raba nisa da lokaci a kwatanta. Na biyu, a rufe idon ɗalibi, wani ya tafa hannu daga dama, da hagu, da gaba, da baya, a ƙirga kuskure. A sake bayan ya naɗe kunnuwansa da mayafi. Na uku, a auna faɗin titin da ya fi kusa da makaranta, a lissafa mita nawa kakar ɗalibi ke buƙata kafin ta tsallaka in babur na gudun kilomita 20, da 30, da 40.

Kammalawa

Ido da kunne da tsoka da ƙashi duk suna ƙwace wa tsoho 'yan daƙiƙoƙi, kuma kimiyya ba ta da hanyar mayar masa da su duka. Abu guda a cikin lissafin nan da ake iya sauyawa nan take shi ne gudu, shi kuwa yana hannun mai tuƙi. A tafiyar rabin kilomita cikin gari, bambancin gudun 40 da na 20 daƙiƙa 45 ne kacal. Ɗalibin da ke karanta wannan a Warra ko Shanga ko Yelwa, wataƙila shi ake aike da babur ɗin gida, kuma idan rai ya yi tsawo, shi ne zai tsaya a bakin titi da sanda yana jiran wani ya sassauta. Sauri, in ji Hausawa, ya haifi nawa.